Ƙurar Hunturu da Karcewar Tankin Kifi na Akirilik: Nazari Daga Dabai, Masarautar Zuru

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi musabbabin karcewar tankunan kifi na akirilik da hanyar gyara su. Ta gano cewa a yankin Zuru ƙura ce babbar mai laifi, kuma bin lambobin samfefa daki-daki cikin ruwa ne ke dawo da hasken tanki. Man goge baki da wuta ba su kai ga haka ba.

Gabatarwa

Akirilik roba ce gani-har-hanji da kamfanin Röhm na Jamus ya fitar kasuwa da sunan Plexiglas a 1933. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, tana barin kusan kashi 92 cikin ɗari na haske ya ratsa ta, ba ta kuma tarwatsewa in ta faɗi. Shi ya sa masu ajiye kifin ado da murjani suka rungume ta. Tun da aka kafa Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru a 2020, ɗalibai da masu kiwon tarwada na buƙatar ƙaramin tankin da za a ga 'ya'yan kifi ta cikinsa. Aibin akirilik ɗaya: laushi.

Bitar ra'ayoyi

Jagororin kamfanonin Amurka da Turai sun fi ɗora laifi kan yashin da ke maƙalewa a magogin maganaɗisu. Gaskiya ne, amma a inda aka rubuta su hazo ba ya sauka daga Nuwamba zuwa Maris. Waɗanda muke jayayya da su na gida ne. Masu gyaran mota sun saba wanke fitila da man goge baki, sai aka ɗauka ko'ina zai yi. Wasu kan ce a lasa wa wurin harshen wuta, wasu a shafa fetur ko tina. Wutar tana sa sheƙi nan take, amma tana barin robar a takure, daga baya ƙananan tsaga su bayyana. Fetur da tina kuwa cin akirilik suke yi.

Hanyar bincike

An yanka guntayen akirilik, aka karce wasu da tsumma mai ƙura, wasu da yashin rafi, wasu da soson ƙarfe. Aka gwada kowace hanyar gyara, ana dubawa da tocila a jiƙe da kuma a bushe.

Sakamako

Busasshen tsumma kaɗai ya isa ya dusashe roba. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, cike take da silika. A ma'aunin tauri na Mohs, ma'adinin yashi na kan 7, akirilik kuwa wajen 3. Duk wanda ya share tanki a bushe da safiyar Janairu, samfefa ya sa masa bai sani ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yaudarar ruwa. Akirilik na karya haske da ma'aunin 1.49, ruwa 1.33, iska 1.0. Da ruwa ya cike ramin karce, sai bambancin ya ragu, karcen ya ɓuya. A nan ne man goge baki ya samo sunan da bai cancanta ba: ana shafawa, a ɗauraye, a duba a jiƙe, a ce an gama. Da guntun ya bushe muka haska shi ta gefe, layukan na nan yadda suke, gefensu kawai ya ɗan dakushe.

Karce ba ya ciko. Sai dai a rage kewayensa har ya daidaita da gindin ramin. In farce ya maƙale a layin, sai a fara da samfefa mai lamba 400 ko 600, a haura 800, 1000, 1500, 2000, ruwa na zuba, ana sauya alkiblar hannu a kowace lamba domin a ga ko sawun na baya ya ɓace. Duk guntun da aka tsallake masa lamba ya fito da hazo-hazo. Samfefar Micro-Mesh na kaiwa 12000, man Novus kuma na ƙarasa sheƙi, amma a bangon waje kaɗai, ko a tankin da aka kwashe kifinsa. Wanda ya dage kan wuri ɗaya zai yi kwarmi, kifi ya riƙa bayyana a karkace. Injin gogewa ma sai da hattara, don robar na fara laushi a wajen digiri 105.

Iyakar bincike

Dabai na nesa da teku, don haka ba a yi gwajin a tankin murjani mai ruwan gishiri ba, kuma da ido aka auna sheƙi. Wannan bai taɓa batun tauri ba, wanda ba ruwansa da ɗanɗanon ruwa.

Shawararmu ga masu tanki a Zuru da kewaye: a rufe shi da mayafi muddin ana hazo, a kwarara masa ruwa kafin tsumma ya taɓa shi, kuma kada a biya mai gyara sai an ga aikinsa a bushe.