Daga Baitulmali Zuwa Asusun Haɗin Gwiwa: Ƙaramar Hukuma da Kayan Jama'a a Kudancin Kaduna

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin mulki a ƙasar nan ya ta'allaƙa ne a kan manyan kujeru, wato wane ne ya hau, wane ne aka tuɓe, kuma wane hafsa ne ya yi juyin mulki. Shi kuwa talakan ƙauye yana saduwa da hukuma ne a bakin rijiya, da rumfar kasuwa, da ɗakin shan magani, da kan kwalbatin da ruwan damina ya cinye. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan ƙananan abubuwa a Kafanchan da sauran ƙasashen kudancin Jihar Kaduna tun daga zamanin En'e, domin mu gano wanda ke biyan kuɗinsu, da wanda ake shawara da shi a kansu, da kuma wanda ake tuhuma idan sun lalace. A ganinmu da wuya a nuna wani zamani da waɗannan ukun suka haɗu a hannu ɗaya, kuma daga nan ne yawancin matsalar ta samo asali.

Ƙasar da muke magana a kanta ƙasa ce ta duwatsu da rafuka da ruwan sama mai yawa. Saboda haka babbar damuwar ƙauyukanta ta bambanta da ta ƙauyukan Katsina ko Daura. A can ana fama da zurfin rijiya, a nan kuwa ana fama da gada da hanyar da ke yankewa da zarar damina ta kankama. Al'ummunta ma suna da yawa: akwai Kaje da Katab da Jaba da Kagoro da Marwa da Kagoma da Kaninkon da Fantsuwam da sauransu, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama a cikinsu. Da Turawa suka shimfiɗa mulkinsu a farkon ƙarni na ashirin, sai suka bi da yankin ta fuska uku. Akwai Masarautar Jama'a, wadda Fulani suka kafa wajajen 1810 tana biyayya ga Zazzau. Akwai gundumomi irin su Zangon Katab da Kachiya da Kauru, waɗanda ke ƙarƙashin En'e ta Zazzau. Sannan akwai Kagoro da Marwa da Jaba, waɗanda aka bar su da sarakunansu na kansu.

Ita Kafanchan jirgin ƙasa ne ya mayar da ita gari. A shekarar 1927 aka haɗa layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, sai wurin ya zama mahaɗa. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga kudu da arewa, har a 1933 Sarkin Jama'a Muhammadu ya bar tsohuwar hedkwatarsa ta Jama'ar Sarari ya komo Kafanchan tare da ofisoshin En'e. Abin lura a nan shi ne, tun daga wannan lokaci garin ya tashi da iyaye biyu. Hukumar Reluwe tana kula da tasharta da gidajen ma'aikatanta da tankin ruwan da jiragenta ke sha, sauran gari da ƙauyukan kewaye kuwa sai abin da En'e ta iya.

To, me En'e ke iyawa? Ƙarfinta duka yana cikin baitulmali. Kowace shekara mai unguwa da dagaci su ƙirga magidanta, hakimi ya tara haraji, a bi Fulani a karɓi jangali bisa yawan shanu. A farkon tsarin, rabin abin da aka tara gwamnati ke ɗauka, sauran ya shiga baitulmali, inda ma'aji ke riƙe da littafi, Di'o kuma yana duba shi. Daga ciki ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai da malaman haraji. Abin da ya rage, wanda a ƙananan En'e ba shi da wani yawa, shi ake kasawa ga rumfunan kasuwa da makarantar elemantare da ɗakin shan magani da albashin duba-gari. Dole mu yi wa wannan tsari adalci ta fuska ɗaya: kuɗin na gida ne, kuma an san inda za a nuna da yatsa idan rufin kasuwa ya yaye. Amma nuna yatsar ma sai Di'o, domin talakan da ya biya ba shi da bakin magana.

Gyaran hanya kuwa ba kuɗi ake kashe masa sosai ba, mutane ake kashe masa. Da kaka ta yi, sai umurni ya sauko daga hakimi zuwa dagaci cewa a fito a share hanya, a cike zaizaya, a sake ɗora itatuwan gada. A takarda aikin gayya ne, a aikace kuwa aikin tilas ne, kuma a gundumomin da hakimi da malamansa ba 'yan ƙasar ba ne, zafinsa ya ninka. Manomi ya biya haraji, ya yi aikin hanya, sannan ya ga kasuwa da kotu da makaranta duk an tara su a garin hakimi. Ba abin mamaki ba ne da a 1946 mutanen Katab suka yi tawaye suka ƙi biyan haraji da aikin tilas. Masu tarihi sukan karanta wannan a matsayin rikicin ƙabilanci, amma mu muna ganin a cikinsa har da ƙorafin mai biya wanda ba ya ganin amfanin abin da ya biya. Kagoro ta sha bamban ta wannan fuska, domin sarkinta yana zaune ne cikin waɗanda ke biyan harajin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malam Gwamna Awan, wanda ya yi karatunsa a hannun mishan, ya hau gadon sarautar Kagoro a 1945, ya kuma riƙe ta har rasuwarsa a 2008.

Giɓin da En'e ta bari, 'yan mishan ne suka cike da yawa daga cikinsa. Ƙungiyar SIM ta buɗe tasharta a Kwoi tun 1910, ta iso Kagoro a shekarun 1920, 'yan Katolika su ma suka bazu. Makarantu da ɗakunan shan maganin da suka kafa, mutanen ƙauye ne suka yi tubalinsu suka ɗauko itacen rufinsu, saboda haka suna kallonsu a matsayin nasu. Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, gine-ginen sun sami sabon mai su a takarda, amma sun rasa waɗanda ke hawa su gyara rufi ba tare da an aiko da wasiƙa ba.

Kafin nan an riga an fara taɓa En'e. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo shawararsa ta neman gyaran En'e a Majalisar Arewa, kuma dokar 1954 ta ba da damar kafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka masu ɗan asusun ayyuka. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, sojoji suka raba En'e da kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Babban sauyi dai shi ne na 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta shimfiɗa tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka fitar da sarakuna daga gudanar da mulki, aka ce zaɓaɓɓun kansiloli ne za su riƙa yanke shawara. Jihar Kaduna ta wancan lokaci, wadda ta haɗa da Katsina, ta sami ƙananan hukumomi 14, kuma kudancinta ya faɗa cikin Jama'a da Kachiya da Saminaka. Manomin Godogodo ko na Manchok ya sami wakilin da ya zaɓa.

Sai dai bakin maganar ya zo ne a daidai lokacin da kuɗin ya daina fitowa daga aljihunsa. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Duk wanda ya san wulaƙancin da talaka ya sha a kan haraji, da yadda magidanta ke gudun dawa idan lokacinsa ya yi, ba zai yi kukan tafiyarsa ba, mu ma ba mu yi. Amma gaskiya ita ce ba a maye gurbinsa da wata hanya da za ta ɗaure ƙaramar hukuma da jama'arta ba. Aka koma dogaro da kason man fetur daga asusun tarayya, wanda ya fara da kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980, ya kai kashi 20 a 1992. Hukumar da abincinta ke zuwa daga sama, idonta a sama yake kasancewa.

Zamanin Janar Babangida ya zo da ayyuka masu yawa. A 1986 aka kafa hukumar raya karkara da aka fi sani da DIFRI, ta yi ta yanka hanyoyin burji da haƙa rijiyoyin burtsatse. Wanda ya san famfon tuƙa-tuƙa ya san cewa abin da ke kashe shi ƙarami ne, wata 'yar roba ce ta cinye ko sanda ta kwance. Amma ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, hukumar da ta ba shi aikin tana can nesa, ƙaramar hukuma kuma ta ce ba ita ta haƙa ba. Bikin buɗe sabon aiki yana da kakaki da hoto, gyaran tsoho kuwa ba ya da ko ɗaya. A wannan tsakanin ne kuma aka yi ta tsaga ƙananan hukumomi, daga 1989 zuwa 1996, har Kaura da Jaba da Sanga suka fita daga Jama'a, Zangon Katab da Kagarko suka fita daga Kachiya. Hukuma ta matso kusa da jama'a, wannan gaskiya ne, amma kowace sabuwa tana bukatar sakatariya da motar ciyaman da ma'aikata. Da aka ɗora musu albashin malaman firamare a 1991, da yawa daga ƙananan hukumomin ƙasar nan suka wayi gari babu abin da ya saura na ayyuka.

Wanda ke ganin maganar rumfar kasuwa ƙaramar magana ce, sai ya dubi Zangon Katab. Garin Zango tsohon masaukin fatake ne na Hausawa a tsakiyar ƙasar Katab, kuma kasuwar mako tana cikinsa. Tun a zamanin da yankin ke ƙarƙashin Kachiya aka fara maganar mayar da kasuwar wani sabon fili. Da aka zaɓi Juri Ayok, ɗan ƙabilar Katab, shugaban sabuwar ƙaramar hukumar, sai majalisarsa ta ɗauki aniyar aiwatarwa. Hujjarta ita ce tsohuwar kasuwa ta matse, babu wurin faɗaɗa ta, kuma sabuwa za ta ƙara kuɗin shiga. Katab da yawa suna ganin tashin kasuwar zai ba su rumfuna da 'yancin sayar da abin da al'adarsu ta yarda da shi. Hausawan Zango kuwa suna ganin so ake a karya musu tattalin arziki, ga shi sabon filin ba a gama gina shi ba, har aka garzaya kotu neman a dakatar. Ranar 6 ga Fabrairun 1992, ranar da aka tsayar don fara cin sabuwar kasuwa, faɗa ya ɓarke, aka yi asarar rayuka. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, amma kafin ƙura ta lafa, a watan Mayu aka sake wani wanda ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Aka ragargaza garin Zango, wutar ta tsallaka Kaduna da Zariya, ɗaruruwan mutane suka halaka. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo-Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu hukuncin kisa a 1993, daga baya aka sassauta shi zuwa ɗauri.

Ba mu ce kasuwa kaɗai ce ta haddasa wannan ba, domin akwai tsohon rikicin gonaki da na sarauta, ga kuma tabon rikicin Kafanchan na 1987 bai warke ba. Abin da muke cewa shi ne, doka ta ba majalisar ikon tsara kasuwa, amma ba ta tilasta mata zama da waɗanda kasuwar ke ciyarwa ba. A zamanin En'e an yanke wa Katab shawara ba da su ba, a 1992 kuma Hausawan Zango suka ji an yi musu haka. Maganin da hukuma ta fi karkata gare shi bayan nan shi ne na sarauta. A 1995 gwamnatin Lawal Ja'afaru Isa ta ba Katab da Kaje masarautunsu, Gwamna Ahmed Maƙarfi kuma ya ƙara wasu da dama bayan tarzomar da ta biyo naɗin sabon Sarkin Jama'a a Kafanchan a 1999. Wannan ya kwantar da zukata ƙwarai, amma sarakunan ba su da baitulmali irin na da.

Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawalinsa na huɗu: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da magudanan ruwa da kwashe shara, har da lasisin keke da amalanke. Wani abin mamaki shi ne ruwan sha bai fito da sunansa a cikin jerin ba. Sashe na 162 kuma ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, inda gwamnoni a sassan ƙasar nan suka riƙa zaftare shi, suna kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓe. A Kaduna an rage hakimai daga 390 zuwa 77 a 2017, an yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a 2018, sannan a 2021 aka kafa wa Kafanchan hukumar birni ta musamman ƙarƙashin jiha, wato garin ya sake samun wani uban bayan ƙaramar hukumar Jama'a. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba. Hukuncin ya tsaya ne a kan hanyar da kuɗi zai bi daga Abuja zuwa sakatariya. Yadda zai tashi daga sakatariyar Kafanchan ko ta Gwantu ya isa bakin famfo da kan kwalbati, ba ya cikin abin da aka kai gaban kotun.