Daga Wuri Zuwa Anini a Ƙasar Rano

Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, wuri ne kuɗin kowa a Rano da Kibiya da ƙauyukansu. Da shi ake sayen daddawa, da shi ake biyan sadaki, in ciniki ya yi girma sai a ɗora wa jaki buhunsa. A 1904 aka hana shigo da wuri daga waje, amma wanda ke cikin tukunyar tsohuwa yana nan, kuma yana ci.

Sulen Bature ya fi ƙarfin kasuwar ƙauye. Matar da ta kasa gishiri da kuka a faifai, ina za ta samo canjin sule? Shi ya sa a 1907 aka buga kwabo da anini, anini goma kwabo ɗaya. An huda su a tsakiya don a zura a zare, ga tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci. Aninin farko na sanholo ne, bai jure ba, a 1908 aka canza ƙarfen. Duk da ƙanƙantarsa ya fi wuri ɗaiɗai daraja nesa ba kusa ba, don haka masu talla suka riƙe wurinsu shekara da shekaru.

Haraji da gyaɗa ne suka karya wuri. Dagaci ya zo karɓar haraji da jangali, ya ce ƙarfe hukuma ke so. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kamfanoni suka yi ta awon gyaɗa suna biya da sulalla. Manomin Kibiya ya karɓi anini ne da ya ga yana biya masa buƙata, kuma a ganina bai yi jinkirin banza ba.

Sabon kuɗin ƙarfe ya sake fuskantar irin wannan gwaji a kasuwa a 2007, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsabar kwabo 50, naira 1 da naira 2. Dokar bankin ta shekarar ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya ƙi karɓar naira. Amma a lokacin ledar ruwa ma naira biyar ce. Mai kayan miya ba ta da abin da za ta kasa na kwabo 50, mai shago kuwa alewa yake miƙa wa yaro a madadin canji.