Ingancin Ruwan Famfo a Daura da Kewayenta: Bayani ga Jama'a da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure. Yanki ne na arewacin Jihar Katsina mai iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rani ne. Saboda haka batun ruwan sha tsoho ne a wannan ƙasa. Tarihin Daura kansa yana ɗaure da rijiyar Kusugu, wadda aka ce macijiya ta hana mutane ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a, har zuwan Bayajidda.

A yau tambayar da jama'a suka fi yi mana ita ce: shin ruwan famfo yana da lafiyar sha? Amsar a taƙaice ita ce, ruwan da aka tace aka sa masa magani a tashar ruwa ya fi na tafki da na buɗaɗɗiyar rijiya aminci nesa ba kusa ba. Sai dai yana iya gurɓacewa a kan hanyarsa daga tasha zuwa moɗar mai sha. Wannan bayani ya bi hanyar daki-daki domin kowa ya san inda haɗari yake da abin da ya rataya a wuyansa.

Inda ruwan yake fitowa

Ruwan da ake kira na famfo a wannan masarauta iri biyu ne. Na farko shi ne ruwan madatsa, kamar madatsar Sabke da ke ƙaramar hukumar Mai'adua, wanda ake tacewa kafin a tura shi ta bututu. Na biyu shi ne ruwan rijiyar burtsatse, wanda inji ko na'ura mai aiki da hasken rana ke ɗagawa zuwa tanki, daga nan ya sauko kan famfunan unguwa. A ƙauyuka da dama kuma tuƙa-tuƙa ce abin dogaro.

Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Katsina ce ke kula da ruwan birane, hukumar RUWASSA kuma ke kula da ruwa da tsaftar muhalli a karkara. Ruwan leda, wanda aka fi sani da fiya-wata, da na gora, hukumar NAFDAC ce ke yi musu rajista.

Yadda ake tace ruwan madatsa

Ruwan madatsa yana zuwa da laka da ƙwayoyin cuta, musamman da damina. A tashar ruwa ana fara zuba masa alam, wanda ke haɗa ƙananan ɓurɓushin laka su dunƙule. Sai a bar shi a manyan kwatarniyoyin siminti dattin ya kwanta. Daga nan a bi da shi ta cikin rairayi domin ya tace, a ƙarshe a sa masa sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Ana sa kulorin yadda kaɗan daga cikinsa zai rage a ruwan har ya isa gidaje, domin ya ci gaba da kare shi a cikin bututu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da ya rage ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita a bakin famfo. Don haka ɗan ƙanshin magani da ake ji a ruwan famfo alama ce ta kariya. Muna jan hankalin masu ƙin ruwan saboda wannan ƙanshi su koma na rijiya, cewa sun bar mai aminci sun kama mai haɗari.

Ma'aunin da ƙasa ta amince da shi

Nijeriya tana da ma'aunin ingancin ruwan sha mai lamba NIS 554, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007, aka kuma sabunta shi a 2015. Daga cikin abubuwan da ya tanada akwai waɗannan:

1. Kada a sami ƙwayar cutar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa. Samunta shaida ce cewa bayan-gida na mutum ko na dabba ya shiga ruwan.
2. Kada sinadarin nitiret, wanda ke fitowa daga masai da takin zamani, ya wuce miligiram 50 a lita.
3. Kada sinadarin fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a lita.
4. Kada gubar dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita.
5. Kada ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita. Shi ne ke mai da ruwa ja, ya ɓata tufafi da ɗanɗano.

Abin lura a nan shi ne, huɗu na farko ba a ganinsu da ido, kuma harshe ba ya jin su. Ruwa yana iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da cuta. Gwaji a ɗakin bincike kaɗai ke tabbatar da lafiyarsa.

Inda ruwa ke gurɓacewa

Wuri na farko shi ne cikin bututu. Idan ruwa na gudu da ƙarfi, ko da bututu ya tsage, ruwan ne ke fita waje. Amma idan aka ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin tsagar. In kuwa bututun ya bi ta cikin kwata ko kusa da masai, to ƙazanta ce zai zuƙo, ita ce kuma za ta fara fitowa ranar da aka kawo ruwa. Wannan ne ya sa garuruwan da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa suka fi fuskantar haɗari. Masu fasa babban bututu su ja ruwa ba da izini ba, da masu haɗa inji kai tsaye da bututu domin zuƙo ruwa, suna ƙara wannan matsala ga unguwa baki ɗaya.

Wuri na biyu shi ne tanki. Tankin da ba shi da murfi yana tara ƙura da kashin tsuntsaye da ƙadangaru, wanda aka daɗe ba a wanke ba kuma yana yin gansakuka.

Wuri na uku shi ne bakin rijiyar burtsatse. Idan daɓen da ke kewaye da ita ya farfashe, ko ruwa na kwanciya a gindinta, ko dabbobi na sha a wurin, ƙazanta tana iya bi ta gangara ciki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko juji ko turken dabbobi.

Wuri na huɗu shi ne jarkokin 'yan ga-ruwa da randunan gida. Jarkar da ba a wanke cikinta, da randar da ake tsoma moɗa da hannu a ciki, suna iya ɓata ruwan da ya fito daga famfo da tsabtarsa.

Darasi daga maƙwabta

Ba ƙwayoyin cuta kaɗai ke ɓata ruwa ba. A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, jama'a sun yi shekaru, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, suna shan ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi wadda fuloraid ya yi wa yawa. Ruwan yana da haske, ba wari, ba ɗaci. Sakamakon haka haƙoran yara masu yawa suka dafe, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Darasin shi ne, duk sabuwar rijiyar burtsatse a gwada ruwanta kafin a buɗe wa jama'a, a kuma riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci.

Cututtukan da gurɓataccen ruwa ke kawowa

Daga cikinsu akwai amai da gudawa, wato kwalara, da zazzaɓin taifot da atuni da wasu nau'o'in ciwon shawara. A annobar kwalara ta 2021, Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, fiye da 3,600 kuma suka rasu, Jihar Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne gudawa ta fi yi wa illa. Yawan nitiret kuwa ya fi cutar da jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan.

Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa. Ciwon kurkunu, wanda dattawanmu suka san yadda yake kwantar da manoma a tsakiyar damina, an kawar da shi ta hanyar tace ruwa da haƙa rijiyoyi da wayar da kai. An ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da shi a 2013.

Abin da magidanta za su yi

1. Idan aka dawo da ruwa bayan ɗaukewa, a bar na farko ya zuba har ya washe. A yi wanki ko ban-ruwa da shi.
2. Idan ana shakkar ruwa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa, a bar shi ya huce a rufe.
3. Ana iya amfani da ƙwayar kulorin ko ruwan kulorin na tsabtace ruwan sha, bisa umarnin da ke jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha.
4. Ruwa mai laka a fara sa masa alam ko garin 'ya'yan zogale ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle. Wannan ba ya kashe ƙwayoyin cuta, dole a biyo shi da tafasawa ko kulorin.
5. A rufe randa da tulu, a ware moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kaɗai, a riƙa wanke mazubin da sabulu.
6. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga ban-ɗaki da kafin cin abinci.

A sani cewa tafasawa ba ta cire fuloraid ko nitiret ko dalma. Ruwan da gwaji ya nuna yana da su, canza masa tushe ne magani.

Idan gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na ƙunshi, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. A gaggauta kai shi asibiti mafi kusa, musamman idan gudawar ta yi kama da ruwan shinkafa.

Abin da ya rataya a kan shugabanni da jami'ai

Muna kira ga sassan ruwa da tsafta na ƙananan hukumomi da su ajiye rajistar dukkan rijiyoyin burtsatse da tankunan jama'a, tare da ranar da aka gwada kowanne da sakamakon gwajin. Ya dace duba-gari su riƙa zagayawa kafin faɗuwar damina suna duba daɓen rijiyoyi da murafun tankuna da bututun da suka ratsa magudanai, su kuma duba wuraren da 'yan ga-ruwa ke ɗiba.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka fi kusa da jama'a. Muna roƙonsu da su hana haƙa masai kusa da rijiya, su tsawata wa masu fasa bututu, su kuma tallafa wa kwamitocin ruwa da tsafta na ƙauyuka wajen tara kuɗin gyara. Haka kuma su ci gaba da yaƙi da yin bayan-gida a fili, domin ruwan sama na kwashe shi zuwa madatsai da rijiyoyi. Maƙwabciyarmu Jihar Jigawa ita ce ta farko a Nijeriya da aka ayyana ta rabu da wannan ɗabi'a, a 2022.

Yadda za a kai rahoto

Duk wanda ya ga bututu ya fashe, ko ruwa ya canza launi ko wari, ko mutane da dama a unguwa ɗaya sun kamu da gudawa lokaci guda, ya sanar da mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko ofishin hukumar ruwa mafi kusa a ranar. A faɗi sunan unguwa da famfon da abin ya shafa da ranar da aka fara gani. Kafin jami'ai su zo, a daina shan ruwan wannan famfo sai an tafasa shi. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.