Daga littafin kumandan zuwa na'urar yatsa

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma Damargu, da ke kan hanyar ayarin Agadas zuwa Kano, ba ta daɗe ba ta shiga hannunsu. Sojojinsu kaɗan ne, ƙasa kuwa ga faɗi. Saboda haka suka dogara da rubutu. Kumandan yakan fita rangadi ya ƙirga mutane da dabbobi, a kan wannan ƙidaya ake yanka lanfo, a kanta kuma ake ɗibar masu aikin tilas. Matafiyi sai da takardar izini.

Malamai ma ba su tsira ba. An buɗe wa sanannunsu takardun bayani: ɗariƙarsu, inda suka yi karatu, yawan almajiransu, da ko ana ganin su masu biyayya. Da Kawusan, wanda asalinsa ɗan Damargu ne, ya kewaye barikin Agadas a Disamba 1916, zargi ya ƙaru, har aka kashe malamai da yawa a garin a 1917. Wanda aka rubuta bai taɓa ganin abin da aka rubuta a kansa ba, balle ya ce ƙarya ne. Sai a 1946 aka soke aikin tilas.

Yau kayan aikin sun sake. Dokar 2015 kan safarar baƙin haure ta sa ido a kan direbobin hanyar Agadas, wadda ta ratsa Tanut, har aka soke ta a 2023. Jiragen Amurka marasa matuƙi sun yi ta tashi daga Agadas kafin sojojinta su fice a 2024. Katin zaɓen 2020 da hoton yatsa aka yi shi. Na'urar ma takan yi kure: binciken Joy Buolamwini na 2018 ya nuna wasu manhajojin duba fuska suna kuskure a kan mata baƙaƙe har kusan kashi 35 cikin 100, a kan maza farare kuwa bai kai kashi 1 ba.

Ban ce a ƙi rajista ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa wahala yake sha ranar jarrabawa. Abin da nake roƙon iyaye da ƴan'uwana malamai shi ne mu koya wa yara tambayoyin da kakanninsu ba su sami damar yi ba: wa ke karɓar bayanina, ina zai ajiye shi, in ya yi kuskure wa zan kai wa ƙara?