Haraji a Ghana: daga ina gwamnati ke samun kuɗin yi mana aiki?

'Yan'uwa da dama sun tambaye mu kan haraji, to ga bayani a taƙaice.

Asibiti, makaranta, kwata da hanya duk da kuɗi ake yin su, kuma gwamnati na samun kuɗin ne daga haraji, da albarkatun ƙasa irin su zinariya da man fetur, sai kuma bashi. Mun ga inda bashi ya kai mu: a Disambar 2022 Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje, a Mayun 2023 kuma ta shiga shirin IMF na dala biliyan 3.

Harajin da ya fi taɓa mu a zango shi ne VAT, domin yana ɓoye cikin farashin kaya. An fara kawo shi a 1995 kan kashi 17.5 cikin ɗari, jama'a suka fito zanga-zangar Kume Preko a Akara, aka rasa rayuka, gwamnatin Rawlings ta janye shi. Ya dawo a 1998 kan kashi 10. Daga baya aka ɗora masa kashi 2.5 na asusun ilimi na GETFund da kashi 2.5 na inshorar lafiya. Yana da sauƙin tarawa, amma bai san mai kuɗi da talaka ba. Mai sayar da koko a Krofrom da mai gidan bene, abu ɗaya suke biya a kan sabulu guda.

E-Levy ya nuna abin da ke faruwa idan aka tatsi inda jama'a ke iya kaucewa. Ken Ofori-Atta ya gabatar da shi a Nuwamban 2021, har 'yan majalisa suka ba hammata iska a kansa. Ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 2022 kan kashi 1.5 na kuɗin da aka tura ta waya. Mutane da yawa suka koma ga tsabar kuɗi, abin da aka tara bai ko kusanci hasashe ba. An rage shi zuwa kashi 1 a 2023, Shugaba Mahama ya soke shi a Afrilun 2025.

A matakin birni, majalisar Kumasi, wato KMA, na karɓar lampon kasuwa, kuɗin lasisin sana'a da harajin gidaje, sannan tana da rabo a asusun bai-ɗaya, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 na kuɗin shigar ƙasa. A ganinmu harajin gidaje ya fi kusa da adalci, don gida ba ya gudu kuma darajarsa na nuna ƙarfin mai shi. Sai dai kimanta gidaje aiki ne mai tsada, ga masu manyan gidaje da faɗa a ji, shi ya sa aka fi bin mai tebur a bakin titi da tikiti kullum safiya.

Wasu kan tambaya ko zakka za ta wadatar. Zakka ibada ce mai masu karɓa takwas, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma mafi yawan malamai ba su sa gina hanya a ciki ba. Tun zamanin Sayyidina Umar baitulmali ke da harajin ƙasar noma da ushurin fatake. Malamai da yawa sun halatta ƙarin haraji idan akwai buƙata ta gaskiya, aka raba nauyin da adalci, aka kashe shi a maslahar jama'a. Inda aka rasa waɗannan sharuɗɗa ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki jangali a Kitabul Farƙi.

Sharaɗi na ƙarshen nan ne ke ci mana tuwo a ƙwarya. An fara sabuwar kasuwar Krofrom a 2007, aka shafe fiye da shekara 15 ba a kammala aikin ba, alhali 'yan kasuwa ba su daina biyan lampo ba. Don haka muke roƙon 'yan'uwa su riƙa karɓar rasit duk lokacin da suka biya, su kuma nemi wakilin unguwarsu a majalisar birni ya faɗa musu ranar da za a zauna yanke kuɗaɗen shekara mai zuwa.