Kalangu da Tukuba a Daren Gombe

Wanda ya zaga Jekadafari ko Bolari ko Tudun Wada bayan isha'i zai tarar da mai tsire ya jera tsinkensa a kewayen tukuba, kitse yana ɗiga a garwashi, mai shayi yana kaɗa ƙwai, mai ƙosai tana tsame na ƙarshe daga kasko. Kiɗan da zai ji kuwa daga lasifika ne ko wayar wani saurayi. Wannan ya sa 'yan yanzu suke ɗauka abincin dare harka ce ta neman halak, kiɗa kuma shashanci ne da ya raɓe ta. Tarihi bai goyi bayansu ba, domin su biyun sana'a ɗaya ce da aka raba ta gida biyu.

A ƙasar Hausa kowace sana'a da gangarta: maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, mahauta da kalangu. Makaɗin fawa ba ɗan rakiya ba ne. A da, shi ke sanar da gari an yi yanka, ya kaɗa wa mahauci takensa, a sallame shi da nama. Idan dare ya yi, wannan kalangun ne ke komawa dandali, inda 'yan mata ke ajiye farantan talla, dafaffiyar gyaɗa da dakuwa da alkaki, a gefe ga aci-balbal tana ci. Kiɗa ya tara samari, samari su saye tallar don burge mai ita, su yi wa makaɗi kari. Kuɗin kuma ya koma hannun uwar da ke cikin kulle, wadda ta soya ta ɗora, ta zuba a adashi har ya zama kwanukan jere. Ɗakin amarya da yawa da kuɗin dandali aka ƙawata shi.

Wani zai ce ai Gombe masarautar Buba Yero ce, ta Fulani da Bolawa da Terawa, me ya haɗa ta da al'adar mahautan Hausa? Gaskiya ne ta fuskar sarauta, amma garin da muke magana a kai sabo ne. Sai a 1919 aka taso da fadar daga Nafada zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu. Audugar shekarun 1950 da jirgin ƙasan da ya iso a 1963 su suka cika shi da fatake da 'yan koli da leburori da direbobi, yawancinsu ba su zo da iyali ba. Wanda ba shi da murhu a gari kuwa a bakin titi yake cin tuwon dare, a nan yake hira. Shanu na Bafulatani ne, wuƙa ta Bahaushe, Hausa kuma ta zama harshen ciniki, don haka ganga ta biyo nama kamar yadda ta saba.

Ƙorafin da ya fi nauyi a kan dandali shi ne na malamai, musamman bayan kafuwar Izala a Jos a 1978: cakuɗar maza da mata, da barin yarinya a waje har dare ya tsala. Ba na raina wannan magana, don talla ta jefa yara da dama cikin halin da ba a so. Amma a ce wa'azi kaɗai ya kashe dandali, an taƙaita labari. Kaset ya sa mai tsire yana iya kunna Shata ko Ɗan Maraya ba tare da ya yanka wa kowa tsoka ba. Talabijin da finafinan Hausa suka janye samari, boko da Islamiyya suka cinye lokacin 'yan mata. Da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, filayen unguwa suka yi tsada, shaguna suka hau kansu. Bama-baman tashoshin mota a 2014 da na babbar kasuwa a Yulin 2015, ana cikin sayayyar Sallah, sun sa kowane taron dare ya zama abin tsoro.

Mai tsire ya tsallake duk wannan saboda yunwa tana dawowa kullum. Makaɗi kuwa sai ya jira biki ko naɗin sarauta ko gangamin siyasa, kuma da wuya ka sami matashin mahaucin da zai gane taken kakansa in an kaɗa masa.