Kalmar "only" a Ingilishi: yadda wurin zamanta ke sauya ma'anar jimla

Duk wanda ya taɓa cike cek a banki ya san kalmar "only". Bayan an rubuta adadin kuɗi da kalmomi, sai a rufe da ita, kamar "fifty thousand naira only", wato naira dubu hamsin kawai, domin kada wani ya zo daga baya ya ƙara wani abu a gaba. A nan aikinta a fili yake. A cikin cikakkiyar jimla kuwa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin kalmar tana iya zama kusan ko'ina, kuma duk inda ta zauna ma'ana na iya bin ta. A ƙasa irin Najeriya, inda ake rubuta dokoki da takardun kwangila da hukunce-hukuncen manyan kotuna da Ingilishi, gusar da wannan 'yar kalma daga wuri zuwa wuri na iya wanke mai laifi ko ya shafa wa mai gaskiya kashin kaji.

A nahawu, mafi yawan lokaci "only" bayanau ce. Aikinta shi ne taƙaita magana a kan abu guda da kore sauran, irin aikin da "kawai" da "kaɗai" da "kacal" suke yi a Hausa. Asalinta ma yana nuna haka: ta samo tushe ne daga kalmar tsohon Ingilishi "anlic", wadda ɓangarenta na farko shi ne kakan "one", wato ɗaya. Daga wannan gida ne "alone" ta fito, domin haɗin "all" da "one" ce.

A ɗauki wannan jimla, irin wadda ake gani a rahoton binciken kwangila: "The contractor supplied drugs to the clinic in March." Ma'anarta ita ce ɗan kwangilar ya kai magunguna asibitin a watan Maris. Idan aka sa kalmar a farko, aka ce "Only the contractor supplied drugs", to ana nufin shi kaɗai ne ya kai, babu wani bayansa. Idan aka ce "supplied only drugs", magunguna kawai ya kai, babu gadaje ko na'urori, kuma idan kwangilar ta haɗa da su, jimlar ta zama zargi. "Only to the clinic" na nufin wannan asibitin kaɗai ya samu, sauran sun tashi a tutar babu. Wanda ya ce "the contractor only supplied drugs" kuwa yana iya nufin kaiwa kawai mutumin ya yi, ba shi ya adana ko ya raba ba, irin maganar da lauya mai kare shi zai so a ji.

Wuri na ƙarshe ya fi sauran tarko. "Only in March" na da fuska biyu. Tana iya nufin a watan Maris kawai ya kai, bai kai a wani wata ba. Tana kuma iya nufin sai a watan Maris ya kai, wato ya makara. Hausa ta raba waɗannan biyu da kalmomi daban, "kawai" da "sai", amma Ingilishi ya ɗora wa kalma ɗaya nauyin duka biyun. Mai fassara da bai duba abin da ya gabaci jimlar ba yana iya mayar da labarin jinkiri ya koma labarin ƙarancin kaya.

Ƙa'idar da ake koyarwa a makaranta ita ce a ajiye "only" daf da kalmar da take taƙaitawa, a gabanta. Mai jin Hausa zai lura cewa wannan kishiyar abin da ya saba ne. A Hausa "kaɗai" da "kawai" bayan kalma suke zuwa, kuma sau da yawa ana ɗauko kalmar a kawo ta farkon jimla a ƙarfafa ta da "ne" ko "ce": Audu ne kaɗai ya zo, magani kawai ya kawo. Kalmar Ingilishi da ke bin wannan tsari ita ce "alone", kamar a "Audu alone came". Ita "only" takan zo a baya ne galibi a allunan sanarwa da gajerun umarni, irin su "staff only" a ƙofar ofis, ko a cek kamar yadda aka ambata.

Sai dai Turawan da suka tashi da harshen ba sa bin wannan ƙa'ida a baki. Ba'ingile zai ce "I only saw two people" alhali yana nufin mutum biyu kacal ya gani, kuma babu wanda zai ɗauka cewa ganinsu kawai ya yi bai gaishe su ba. Dalili shi ne murya: mai magana yana ƙarfafa kalmar da yake nufi, mai sauraro kuma ya gane. An daɗe ana jayayya a kan wannan. H. W. Fowler, a shahararren ƙamusinsa na amfani da Ingilishi da aka buga a 1926, ya yi wa masu tsananin ƙa'idar ba'a, yana mai ganin cewa gaban aikatau shi ne wurin da kalmar ta saba zama, kuma ba a bukatar gusar da ita sai idan akwai fargabar ruɗani. A ɗaya ɓangaren akwai irin su James Kilpatrick, ɗan jaridar Amurka da ya rasu a 2010, wanda ya riƙa komawa kan batun shekara bayan shekara a shafinsa na jarida yana jan kunnen marubuta su ajiye kalmar a muhallinta.

Kowane ɓangare na da hujjarsa, amma takarda ba ta da murya. A hira ko wasiƙar zumunci, "I only saw two people" ba ta da aibu, kuma gyara ta neman magana ne. A takardar yarjejeniya, ko bayanin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda, ko kanun labari, inda mai karatu ba zai iya tambayar marubuci abin da yake nufi ba, ƙa'idar makaranta ita ce ta fi tsaro.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan tsada ga mai sa hannu a takarda, wato tsakanin "if" da "only if". Jimlar "You will be paid if you finish the work" alkawari ce: gama aiki, a biya ka. Ita kuwa "You will be paid only if you finish the work" sharaɗi ce: ba za a biya ka ba sai ka gama. A tsantsar ma'ana, ta biyun ba ta ce gamawa kaɗai ta wadatar ba, ana iya samun wasu sharuɗɗan a gaba. Shi ya sa masana lissafi da mantiƙi suke haɗa biyun su ce "if and only if" idan suna son rufe ƙofa ta kowane gefe. Idan aka juya kalmomin suka koma "if only", an bar zancen sharaɗi gaba ɗaya, an shiga buri ko nadama: "If only I had known" daidai take da "ina ma da na sani".

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB suna da wani abin lura. Idan jimla ta fara da "only" tare da bayanin lokaci ko hanya ko sharaɗi, to mataimakin aikatau yana tsallakowa gaban mai aikin, kamar a tambaya. Ana cewa "Only after the audit did the ministry release the figures", wato sai bayan binciken kuɗi ma'aikatar ta fitar da alƙaluman. Barin "did" kuskure ne a Ingilishin rubutu. Haka abin yake da "not only" a farkon jimla: "Not only did he collect the money, but he also signed the receipt." Amma idan mai aikin ne da kansa aka taƙaita, babu juyi: "Only the director knows."

Wasu haɗe-haɗen sai dai a haddace su. "Only just" na nufin yanzu-yanzun nan, ko kuma da ƙyar. "Only too happy" ba ƙaramin farin ciki ba ne, matuƙarsa ne. A "He travelled to Abuja, only to find the office locked", kalmar ba ta bayyana dalilin tafiya ba, tana nuna ƙarshen da ba a so ne: ya yi tattaki har Abuja, sai ya tarar da ofis a kulle. Wani lokacin ma ba bayanau ba ce sam. A "an only child", wato ɗa tilo, sifa ce, a "I would come, only I am ill" kuma mahaɗi ce mai ma'anar "sai dai".

A ɗakin labarai, inda kalmar ta fi bukatar sa ido shi ne gaban alƙaluma. "Twelve people died" rahoto ne. "Only twelve people died" hukunci ne, domin yana cewa goma sha biyu ba su da yawa, kuma wanda ɗansa ke cikinsu ba zai karanta shi haka ba. Ta ɗaya fuskar, "only three of the forty boreholes work" na tura mai karatu ya yi fushi tun kafin ya auna da kansa, ko da yake a nan an ba shi ma'aunin, uku cikin arba'in. Matsalar takan taso ne idan babu ma'auni, kamar a ce an kashe "only two billion naira" ba tare da faɗin nawa aka ware ba. Idan kalmar ta fito daga bakin jami'i ko mai magana da yawun hukuma, ana barin ta cikin alamar zance a jingina ta gare shi, tun da ra'ayinsa ce. Idan kuwa daga alƙalamin wakili ta fito, edita mai lura yakan nemi a kawo adadin da ake kwatantawa da shi, ko kuma ya goge ta.